Ku Tambayi Malam: Waya Ta Shigo Aji Ba Sallama

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, waya da kwamfuta da yaranmu, to sai nace bari kawai mu haɗasu wuri guda. Waɗanda ban kai ga nasu ba ayi min afuwa. Shi kuma bawan Allahn nan na Kwangila da ya turo min saƙon murya na minti goma sha ɗaya, dan Allah rubutowa zakayi, cajina ya ƙare kana kan gaisuwa baka ma shiga maganar ba.

TAMBAYA: Salam Malam, ya iyali ya ɗalibai. Ni dai damuwata yarona ne, yana aji huɗu a sakandare, da can in aka bashi aikin gida sai anyi ta fama dashi har isha'i bai gama ba, amma yanzu wlh minti biyar ya gama kuma in ka duba turanci ne zalla kamar wani lakcara, malaminsu har yabonsa yakeyi. Ƙanwarsa ce ta tona masa asiri wai wayata yake ɗauka ya tambayi wannan shuɗin zoben na cikin WhatsApp ya kwafe. Babansu yace in ƙyaleshi ai zamani ne kuma shima ilimi ne, ni kuma hankalina bai kwanta ba. In hanashi ne ko in barshi? Daga wata uwa a Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, iyali lafiya lau, ɗalibai kuma gasu nan muna ta fama. Da farko dai ki ba ƙanwar nan tasa tukuici, tayi miki aikin da malaminsa bai yi ba.

Zoben da yake tambaya sunansa Meta AI, a 2024 aka saka mana shi cikin WhatsApp a nan Najeriya, kafin shi kuma akwai ChatGPT da ya fito ƙarshen watan Nuwamba 2022, irinsu ne ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ba aljani bane, kuma ba wani bature bane zaune a can yana amsawa. Rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa aka ɗura wa na'ura, littattafai da jaridu da surutun mutane na intanet, har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace, to in kika tambayeta sai ta riƙa jero kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda zasu yi daɗin ji. Shi yasa turancin yake fita sumul. Shi yasa kuma in bata san abu ba, ba kasafai take cewa ban sani ba, sai ta ƙirƙiro ta faɗa miki kanta tsaye kamar ɗan kamasho a tasha yana rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Ni da kaina na taɓa gwada ɗaya daga cikin irin waɗannan, nace ta lissafo min ƙofofin birnin Zazzau, ta fara lafiya lau, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, ina ta gyaɗa kai, can sai ga Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata sun shigo layi. Nace to madalla, Kanawa basu barmu a fili ba yanzu har cikin waya sun biyomu.

Amma ba ƙaryar tata ce ta fi damuna ba, don gaskiya sau da yawa amsarta daidai ce. Abin da ke damuna shine aikin gida ba don malami ake bayar dashi ba, malami ya san amsar tun kafin a haifi yaron. Wahalar nan da kika ce yana sha har isha'i, ya rubuta ya goge ya yi tsaki ya sake, to ita ce karatun fa. Yanzu ya samu mai goya shi, wanda aka goya kuwa ina zai san nisan tafiya.

Zangon da ya wuce na ba 'yan ajina aiki a kan zaizayar ƙasa. Wani yaro ya kawo min shafi biyu cif, rubutu tsaf ba gogewa ko ɗaya, sai dai garin sauri har layin ƙarshe ya kwafo, inda na'urar ke tambayarsa ko yana son ta ƙara masa bayani. Ban ce masa komai ba, na rufe littafin na ɗora hannuna a kai nace to malam, faɗa min da Hausa, me ke kawo zaizayar ƙasa? Ya kalli silin, ya kalli takalminsa, ya sosa ƙeya. Yaron nan fa bayan unguwarsu akwai kwazazzabon da ke cin gonakin mutane duk damina, kullum ta nan yake biyowa, amma ko kusa bai haɗa abin da ya rubuta da abin da yake tsallakewa da ƙafarsa ba.

Maganin kuwa muna dashi tun kafin boko ya zo garin nan. A makarantar allo wa ya isa ya wanke allonsa bai je ya biya wa malam ba? Komai kyan rubutun da aka yi maka, sai ka durƙusa ka karanto da bakinka an ji, sannan ace je ka wanke. Shi zaki dawo dashi gidanki Hajiya. Kada ki hanashi wayar kwata-kwata, in kin hana zai ara a waje ne kawai ki rasa sanin me yake ciki. Ki ce ya fara yin aikin da biro da kansa, ko da shirme ne, in ya maƙale sai ya tambayi na'urar ta yi masa bayanin hanyar da ake bi, bayan nan ya ajiye wayar ya zo inda kike, ko kina tuƙa tuwo ne, ya biya miki da Hausa abin da ya gane. Ba sai kin iya turanci ko lissafi ba, uwa tana gane yaron da ya san abin da yake faɗa da wanda ke kame-kame. In ya kasa, ya koma. Shi kuma Alhaji ki gaya masa Malam yace da gaskiyarsa zamani ne, amma ranar WAEC a bakin ƙofa za'a karɓe zamanin a bar yaro da kansa da biro.

Mu malamai ma da namu laifin. Na san ajin da ke da yara tamanin ko fiye ba wanda zai iya karanta littafin kowa layi layi, ni ma bana iyawa, amma zaka iya tayar da mutum biyar kullum ba tare da sun san wa za'a kira ba, su yi bayani littafi a rufe. Sannan mu daina ba da aikin da amsarsa ke kwance a intanet. Ka tura yaro kasuwar Tudun Wada ya tambayo farashin tiyar masara yau da na lokacin kaka ya lissafo bambancin, ko ya zauna da kakarsa ta gaya masa yadda ake kaɗi da saƙa ya rubuto, mu ga ta inda zoben zai taimakeshi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce daga wani ƙauye gaba da Giwa, bana nake son zana JAMB in samu ABU in karanci aikin jinya, amma wlh tun da nake ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai dai in ganta a hoto, makarantarmu ance akwai ɗakin kwamfuta amma kullum a kulle yake. Duk lokacin da na tuna sai gabana ya faɗi, ƙawata tace wai in ka danna wani wuri ba daidai ba komai gogewa yake. Dan Allah Malam ya zanyi?

AMSA: Lafiya lau 'yata, kwantar da hankalinki. Ƙawar nan taki ta tsorata ki ne a banza. JAMB ta fara gwada jarabawar kwamfuta a 2013, daga 2015 ta daina ta takarda gaba ɗaya, kuma tun daga lokacin 'yan ƙauye irinki da yawa sun zana sun ci, wasu yanzu haka suna harabar ABU a Samaru wasu suna asibitin koyarwa na Shika sanye da fararen kaya. An tsara abin yadda ko baki iya riƙe linzamin kwamfuta ba zaki iya da madannai kaɗai. Tambaya zata fito a allon, ki danna A ko B ko C ko D, ki danna N ki wuce ta gaba, in kina son komawa baya ki danna P. Harafin S shine na miƙa aiki, shi kam ki yi nesa dashi sai kin gama, kuma ko shi sai ya sake tambayarki kin tabbata kafin ya rufe. Shikenan fa. Wadda ta iya tura saƙo a ƙaramar waya ta iya wannan.

Abin da zai kayar dake ba kwamfuta bace, agogo ne. Darussa huɗu, tambaya 180, turanci 60 sauran ukun 40 kowanne, duka a cikin awa biyu, in kika raba zaki ga kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Don haka wadda ta yi miki tauri ki tsallake ki dawo mata daga baya, kada ki tsaya kina kokawa da ita. Ki roƙi Baba ya barki ki shigo Zariya ko sau biyu ne kafin ranar, akwai shagunan kwamfuta a Samaru da Kongo da PZ da ake biya a zauna a gwada tsofaffin tambayoyi, awa ɗaya ta isa hannunki ya daina rawa. Lokacin rijista kuma ki ce kina son jarabawar gwaji da hukumar kanta take shiryawa, zata nuna miki zauren da yanayin tun kafin ta gasken.

Yanzu ga inda 'yan ƙauye suka fi shan wahala, wato rijista. Tun 2021 ba'a yi sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, ana turata ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 a turo miki lambar da zaki sayi fom da ita. Da layinki zaki tura, naki na kanki, kuma ki adana layin nan kamar zinare don ta nan komai zai riƙa zuwa har ranar admishan. Kada ki yarda mai shago yace bari ya saka lambarsa ko imel ɗinsa don sauri, na ga yaran da suka yi ta yawo shekara guda suna neman mai shagon da ya tashi. Ki duba rubutun sunanki harafi harafi, in mahaifinki Muhammad ne a NIN to kada ya zama Mohammed a WAEC ya koma Muhammed a JAMB, wannan ƙaramin abin yana hana mutum shiga jami'a yana ji yana gani. Sai kuma lalle. Na san ku da biki, amma daga yanzu har ki gama jarabawa kada ki ƙunsa a yatsu, na'urar ɗaukar zanen yatsa tana ƙin karanta yatsan da ya sha lalle, hukumar ma ta sha yin gargaɗi a kai, kuma ba hoton yatsa ba shiga zaure.

In kuma kwamfutarki ta mutu ana cikin yi, ɗaga hannu zakiyi ki kira mai kula, kada ki yi shiru kina kuka. Na'ura tana kuskure, a 2025 tangarɗa ta shafi cibiyoyin Legas da jihohin kudu maso gabas har shugaban hukumar na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya ba da haƙuri yana hawaye, aka nemi ɗalibai kusan dubu 380 su sake zama.

Maganar ɗakin kwamfutarku da ke kulle kuwa, hmm. Na taɓa shiga irinsa a wata makaranta, kwamfutoci jere an lulluɓe su da zannuwa kamar kayan ɗakin amarya, ƙura ta yi musu rawani, na tambaya aka ce ba wuta ba man janareto, kuma shugaban makarantar na tsoron a lalata a ce ya biya. WAEC ta riga ta fara jarabawar kwamfuta da masu zana ta kansu tun 2024, ana ta maganar a mayar da kowa kai, to in ba'a buɗe waɗannan ɗakunan an kafa musu sola ba, ɗan birni da ya tashi da waya a hannu da ke da baki taɓa taɓawa ba, za'a ce an yi muku jarabawa ɗaya, alhali kowa ya san ba ɗaya bace.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Sabon Gari. Yaran nan sun kashe mana rubutu, a takardar jarabawa yaro zai rubuto min xan je, ko ykk, ko lfy lau, wata ma slm ta buɗe wasiƙa zuwa ga hakimi da ita. Ƙugiya kuwa an manta da ita gaba ɗaya. Anya Hausar nan zata kai labari?

AMSA: Malama barkanmu dai, nayi dariya har na ƙware da na zo kan wasiƙar hakimi. Nima kin ga ba tsira nayi ba, duba yadda nake haɗe kalmomi a shafin nan, da malaminmu na Hausa na raye da jan biro ya ƙare a kaina.

Abin takaicin a garin nan aka gyara wa boko zama. A shekarun 1930 a nan Zariya hukumar talifi take, a nan aka tsayar da haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Malam Abubakar Imam na editanta, gidan Gaskiya kuma yana nan a Tukur-Tukur kowa na wucewa ta gabansa. Ƙugiyar nan ba ado bace. Ki rubuta musu a allo, an yi faɗa a fada, ki goge ƙugiyar ki ce su karanta. Ki basu baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Kuma uzurin wai babu haruffan a waya ya ƙare, a shiga saitin madannai a ƙara Hausa, a danne k ko d ko b a ɗan riƙe, mai ƙugiyar zai fito. Ki ɗauki minti goma na darasi ɗaya ki nuna musu a wayarki.

Amma ni ban yarda Hausa na mutuwa ba, inaga ma tun da aka fara rubutata ba'a taɓa samun masu rubutawa kullum kamar yanzu ba. Mai shayi yana rubutu, matar aure a ɗaki tana rubuta littafi sukutum ta saka a guruf ana bi ana karantawa, wanda ya bar makaranta a aji uku na firamare ya dawo yana haɗa baƙi saboda yana son ya yi hira da budurwarsa. Abin da yaranki basu sani ba shine akwai kayan zaman gida akwai na zuwa ɗaurin aure. Ki basu saƙo ɗaya ki ce su rubuta shi sau biyu, ɗaya zuwa ga aboki yadda suka ga dama, ɗaya zuwa ga hakimi, na biyun ki yanke maki a kan kowane x da aka saka a gurbin z ba sassauci.

TAMBAYA: Malam ni ɗan Keke ne a Muciya, yarana uku suna wata makarantar kuɗi. Yanzu komai a guruf ɗin WhatsApp suke sakawa, aikin gida, ranar hutu, har sakamako, ni kuma ƙaramar waya gareni mai tocila. Sau biyu ana dukan ɗana wai bai yi aiki ba alhali bamu gani ba. Wannan adalci ne?

AMSA: Ba adalci bane ɗan'uwa, ko kaɗan. Ka biya kuɗin makaranta, ba'a ce maka sai da babbar waya ba ranar da ka kai yaran. Wannan ɗabi'ar tun lokacin korona ta samo asali, da aka rufe makarantu a watan Maris 2020 kowa ya koma neman hanyar isa ga yara, jihar Kaduna har darussa ta riƙa sakawa a rediyo, makarantun kuɗi kuma suka buɗe guruf, to an dawo aji amma guruf ya zauna saboda ya fi sauƙi ga malami. Sun manta waya ba sayenta ne kaɗai ba, akwai data, wadda a watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗinta da na kira har kashi 50 cikin ɗari, ga caji, duk wanda ke garin nan a watan Oktoba 2024 ya tuna kwanakin da arewa ta yi cikin duhu muna layi a shagon mai caji kamar masu jiran awo.

Ka je da kanka, ba da faɗa ba, ka samu shugaban makarantar ka ajiye masa wayarka a kan tebur ya ganta. Ka ce duk abin da za'a saka a guruf a fara rubuta shi a allo yara su kwafa a littafi kafin a tashi. Ka kuma tayar da maganar a taron iyaye da malamai, zaka sha mamakin yawan masu irin matsalarka da kunya ta hanasu magana. Af, tunda ana maganar makarantun kuɗi, mai makarantar nan ta Hanwa da ta rubuto cewa an yi mata alat na bogi har sau uku a kuɗin zango, Hajiya hoton rasit ba kuɗi bane, yaro ƙarami ma zai iya gyara shi, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna kafin ki rubuta wa kowa shaida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne a cikin gari, jikana ne ke rubuta min wannan kuma a kansa nake ƙara. Mu mun tashi muna zuwa zaure da asuba mu ɗauki karatu a gaban malam, layi biyu ko uku a rana, shekara da shekaru. Shi wannan yace ba sai ya je ba, wai duk malaman duniya suna cikin wayarsa, kuma har gyara min karatu yake wai ba haka balarabe ke karantawa ba. Malam ka yi mana hukunci.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ni ban isa in yi hukunci tsakanin kaka da jika ba, ku da kuke abokan wasa, amma tunda shi ke karanta maka, to kai jika buɗe kunnenka.

Gyaran da kake yi wa Baba, kafin ka sake ka tambaya tukuna. Mafi yawan karatun Alƙur'anin da ke cikin waya da ruwayar Hafsu ake yinsa, Baba kuwa da alama da Warshu ya tashi kamar yadda aka saba a makarantun allo na ƙasar nan, duka biyun ingantattu ne, bambancin da kake ji ba kuskure bane. Ka ga irin abin da nake faɗa kenan, waya ta baka sauti bata gaya maka akwai wani ba, da a zaure kake da tuni malam ya warware maka wannan cikin minti ɗaya.

Baba ni bazan ce wayar bata da amfani ba, ƙarya zanyi. Littafin da a da sai an yi tattaki zuwa kasuwar Kurmi a Kano ko a ba alhazai sautu, yau yaro na kwance zai saukar dashi kyauta. Matan da basa samun fita suna bin tafsiri daga farko har ƙarshe suna aikin gida. Kuma ba yau aka fara ba, da rediyo ya zo an yi surutu, da kaset ya zo an yi, ƙarshe har a zaurukan aka riƙa kunnawa. Sai dai duk waɗannan magana suke yi maka, a zaure kuwa kai ke karantawa malam na saurare, ka ja inda ba'a ja ya tsayar da kai, ya kalli fuskarka ya gane baka fahimta ba ko da ka ce ka fahimta, ya san jiya baka zo ba ya aiko a duba ko lafiya. Ga zama a ƙasa, ga jiran layinka ya zo, ga ganin yadda malam ke amsa wa wanda ya zo masa da rashin kunya. Unguwanni irinsu Juma da Kona ba da tarin littattafai kaɗai suka yi suna ba, mutane ne suka riƙa baro garuruwansu suna zuwa su zauna a gaban mutane. Abin da ya fi bani tsoro a karatun waya shine guntayen bidiyon nan na daƙiƙa talatin, a yanko tsakiyar maganar malami a cire farko a cire ƙarshe a haɗa shi faɗa da wani, yaro ya kalla ya fito yana kafirta maƙwabcinsa.

Ga sulhun da zan kawo in kun yarda. Jika ya koma zaure da asuba, ya tafi da wayar, in malam ya ba da izini ya ɗauki karatun ya dawo ya yi ta maimaitawa, har Baba ma ya saurara ranar da ƙafa ta hana fita. Sannan Baba na tabbata akwai gafaka ko tsohon akwati a gidan nan mai takardun iyaye rubutun hannu, gara da ɗigon damina suna cinsu a hankali. A ba yaron nan aikin ɗaukarsu hoto shafi shafi da rana a inuwa, ya jera su a adana. A ABU akwai sashen binciken tarihin arewa da ke tattara irin waɗannan rubuce-rubucen, haka Gidan Arewa a Kaduna, zasu iya ba da shawarar yadda ake adana na asalin. Yana ɗauka yana tambayarka wannan wa ya rubuta, kaga karatu ya dawo ta bayan gida.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, shekara nawa ya kamata yarinya ta kai kafin a saya mata babbar waya? Tawa shekararta 13 ta isheni da kuka wai duk ajinsu ita kaɗai ce bata da ita. Daga wani uba a Gyallesu.

AMSA: Alhaji wannan "ni kaɗai ce" ɗin duk ajin kowa haka yake gaya wa babansa. Ni a ganina 13 ta yi wuri a ce waya tata ta kanta mai kwana a ɗakinta. Waɗanda suka fi mu wuta da data ma ja da baya suke, Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Ostireliya kuma a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga shafukan sada zumunta. In don kira ne saboda hanyar makaranta ko islamiyya, ƙaramar waya ta wadatar. In don karatu ne, a samu ta gida guda ɗaya da kowa ya san lambar buɗeta, a yi amfani da ita a falo inda ake wucewa, in ta gama sakandare sai a yi maganar tata.

A gidana akwai wani kwandon roba a kan firij, ƙarfe tara na dare kowa zai jefa wayarsa ciki sai bayan sallar asuba, ni na kafa dokar da bakina harda cewa ba babba ba yaro. Sati biyu ana bi lafiya. Rannan wajen sha ɗaya na lallaɓo ba takalmi na zaro tawa don in duba ko an biya albashi, ina juyowa sai ga autata tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu, bata ce komai ba, ta kalleni ta kalli kwandon. Na mayar. Albashin ma ashe ba'a biya ba.